Allurar Da Ba A Koma An Yi Ba

Shafi na 17

Masu turo min "ci gaba, ci gaba" tun Laraba, ga shi nan. Kada kowa ya roƙe ni in sassauta wa Des.

"Sati goma," in ji Tegan.

Ba ta juyo ba. Tana tsaye gaban famfo tana sake ɗauraye kofin da ta riga ta ɗauraye.

Des Kittel ya ajiye cokalinsa a hankali. Shekararsa sittin da takwas, hamsin daga ciki a bayan tumaki ya yi su. Daga bakin shinge yake hango tunkiya ya ce tagwaye ne a cikinta, kuma ya zama haka. Amma Tegan, 'yarsa ta cikinsa, ta yi kwana goma sha huɗu a gidansa, suna cin abinci a teburi ɗaya, bai ga komai ba. Sai da yayarsa Merle ta zo da kek mai kwakwa ranar Lahadi da hantsi, ta zauna minti ashirin, ta dubi yarinyar ta ce, wata nawa?

Merle ta shiga lissafo masa abin da ya wuce ta gaban idonsa, tana nuna shi da wuƙar yanka kek. Yarinyar da ke shan kofi sau huɗu kafin tara na safe ta koma ruwan zafi da citta. An miƙa mata cuku mai laushi ta ture. Ƙwai ta soya shi har ya koma kamar tafin takalmi. Akwatin kashin mage kuwa tun da ta zo ba ta taɓa shi ba, shi ta bar wa, shi kuma ya ɗauka girman kai ne na mutanen birni. Ga tushen gashinta ya fito ba rini.

"Kai dai da a ce ƙafa huɗu gare ta da tuni ka gane," in ji Merle.

Tegan ta yi dariya, ta share ido da bayan hannu. Ta ce ba ta so kowa ya sani sai an cika sati goma sha biyu, kamar yadda kowa ke yi. Babu wanda ya tambaye ta dalili. Shekara bakwai ke nan da aurenta da Callum, malamin makaranta a birnin Geelong, ɓari biyu. A na biyun ta yi saurin faɗa, har Merle ta saƙa safar jarirai ƙafa uku, daga baya aka rasa wanda zai ce da ita ta daina.

Tegan ta zauna, ta ciro waya, ta nuna wa gwaggonta jerin tambayoyin da ta yi wa ungozoma. Ko za ta iya wanka da ruwa mai zafi sosai. Wane kifi za ta ci, wane za ta bari. Wane maganin ciwon kai ne ba ya cutarwa. Ko ɗaukar buhun abincin dabbobi zai yi mata illa. Naman sanyi na kanti, ungozoma ta ce a'a. Ƙwayar ƙarin jini kullum da safe. Har batun fentin ɗakin jariri ta tambaya, ɗakin da ba ta yarda ta shiga ba tukuna.

Merle ta ce a zamaninsu tambaya ɗaya ake yi wa mai ciki, ko ta gama guga. Sai kuma ta tsaya, kek a hannu. Ta dubi taga. Daga nan ana hango rumfar haihuwa, da tumaki ɗari bakwai da ke zube a makiyaya ta ƙasa cikin sanyin Agusta.

Ta tambaya, cikin murya ta daban, ko yarinyar ta shiga rumfar can.

Tegan ta sunkuyar da kai. Ta ce da niyyar girki da tuƙi kawai ta zo, tun da Baba ya faɗi ya bugu a kafaɗa. Ungozoma ta ce gara ta nisanci masu haihuwa. Amma kwana biyu da zuwanta wata tunkiya ta kasa, ɗan ya zo da baya, hannun Baba kuma ba ya shiga. Ya ƙwala mata kira. Ta je. Daga nan ba ta ƙara fita ba.

"Amma ba komai, Gwaggo. Babban abin tsoron zazzaɓin Kiyu ne da ake ɗauka daga tumaki, ni kuwa ina da rigakafi. Sai da na buga waya na tambayi Baba kafin in taho."

Merle ta juyo ta dubi ƙaninta.

Des ya miƙe, ya ce zai leƙa wata tunkiya. Ya fita ba hula.

A bakin rumfa akori-kurarsa take. Ya shiga, ya rufe ƙofa, ya buɗe akwatin gaba. Takardar tana nan ƙarƙashin almakashin yanke kofato, ya ninke ta huɗu, ta yi baƙi a gefe.

A ƙarshen Yuli tumaki suka fara ɓari. Biyar, sai tara, sai ya daina ƙirgawa. Likitan dabbobi ya zo ya ɗauki 'ya'yan da suka mutu da mabiyiyarsu a leda. Amsa ta dawo ranar uku ga Agusta. Zazzaɓin Kiyu a garken. A ƙasan takardar likitan ya ja layi da biro: wanda ba shi da rigakafi kada ya kusanci masu haihuwa, mace mai juna biyu kuwa ko gonar kada ta shigo, don cutar tana tashi har a ƙura.

Des ya karanta layin nan ranar uku. Ranar biyar Tegan ta kira shi da tambayarta. Ranar bakwai ta iso.

Ya tuna wayar sarai. Yana tsaye a nan, waya maƙale a kafaɗa, yana ƙoƙarin ɗaure ƙofa da hannu ɗaya. Ta ce, Baba, an yi min allurar Kiyu ina yarinya, ko? Ina tuna wani abu a hannuna. Ya ce an yi, duk an yi muku, yaushe za ki taso?

Abin da take tunawa gaskiya ne, rabinsa. Tana da shekara goma sha shida ya kai ta gari. Ita allurar nan zuwa biyu ake yi mata. Ranar farko a tsaga fata a ɗebi jini, a ga ko mutum ya taɓa yin cutar. Bayan kwana bakwai cif a dawo, a duba hannun, sannan a yi rigakafin. Kwana na bakwai ya faɗo ranar askin tumaki. Masu aski shida a rumfa, hadari ya haɗo daga yamma, ulu in ya jiƙe an gama. Ya ce sati mai zuwa. Sati mai zuwa aka ce sai an sake gwajin daga farko. Matarsa Noeline ta yi ta tuna masa har shekara biyu. Daga baya yarinyar ta tafi jami'a, maganar ta bi ruwa. Noeline kuwa shekara shida ke nan tana maƙabartar Casterton, ba ta tuna wa kowa komai.

Ya zauna yana duban hannuwansa. Manya ne, gaɓoɓin sun kumbura, shi ya sa ya buƙaci nata. Tun tana 'yar shekara tara babu mai ƙaramin hannu da natsuwa irin nata a duk yankin. Kwanakin farko na zuwanta ta sa safar roba har gwiwar hannu. Ya ce mata likitar fiɗa, ya ce ko a kawo mata farar riga. A kwana na huɗu safar ta ƙare, ba ta nemi wata ba. Da idonsa ya ga ta feɗe mataccen ɗan rago, ta sa wa maraya fatar kamar riga don uwar da ta rasa nata ta sansana ta karɓe shi. Da idonsa ya ga ta ɗora baki a hancin wani da ya fito ba ya numfashi, ta hura, ta hura, har ya yi atishawa. Ranar har yabonta ya yi. Des ba ya yabon mutane, shi ya sa ta yi murmushi har yamma.

Aka ƙwanƙwasa gilashi. Merle ce, ta yafo rigar sanyinsa a kanta, takalminta na coci ya nutse a taɓo.

Ta buɗe ƙofar ɗaya gefen, ta ture karen da ke kwance a kujerar, ta zauna. Ba ta tambaye shi ba, ta zare takardar daga hannunsa. Ta nemi tabarau ta rasa, ta miƙe hannu nesa ta karanta. Sau biyu ta karanta layin biro.

Ta ce ita dai ta san shi da rowa da taurin kai tun yana yawo ba wando, amma ba ta san ya kai nan ba. Ya ce ai bai san yarinyar tana da ciki ba. Ya ce shi ma ya yi cutar a shekarar casa'in da biyu, sati ɗaya yana gumi, ya tashi ya ci gaba da aikinsa. Rabin mazan gundumar nan sun yi ta. In ya faɗa wa mutane, wa zai zo ya taya shi? Maƙwabta su riƙa gaishe shi daga cikin mota?

Merle ta bar shi ya gama. Sannan ta tambayi allurar. Ya faɗa mata.

Ta daɗe tana kallon gaba. Hankaki biyu suna kan shinge suna jiran abin da za a jefar.

"Ko ka shiga ka faɗa mata, ko ni in faɗa. In ni na faɗa, ba zan gyara maka ko kalma ɗaya ba."

"Yaya, ki bari in samu yadda zan..."

"Ka samu kwana goma sha takwas. Sauka."

Ya sauka.

Tegan ta yanka masa kek ta ajiye a wurinsa, ta zuba masa sabon shayi. Ta ga fuskarsa ta ce ko tunkiyar ta mutu. Ya ce ta zauna.

Da allurar ya fara, don ita ce ta fi tsufa, yana ganin kamar tsohon laifi ya fi sauƙin ɗauka. Ya ba ta labarin masu aski da hadari. Ya ji kansa yana faɗin farashin ulu a shekarar, kamar wani ya tambaye shi. Tegan ta ɗaga hannun rigarta ta dubi cikin damtsenta, inda babu ko tabo.

"To me na tuna?"

"Gwajin."

"Na tambaye ka, Baba."

"Kin tambaya."

"Ka ce an yi."

"Na ce."

Ta ja numfashi, ta shiga lallashin kanta da baki. Ta ce to, ba kowane garke ne ke da cutar ba. Ta ce ɓarin da ta gani ai ya ce mata sanyi ne da ƙarancin ciyawa, ko ba haka ya ce ba? Ta ce gobe za ta kira ungozoma a ɗebi jini don hankali ya kwanta, shi ke nan.

Merle ta ajiye takardar a kan teburi, a ninke, kusa da farantin kek.

Des ya ɗora hannunsa a kai kafin Tegan ta kai nata. Ya ce daga likitan dabbobi ce. Ya ce an sami cutar a garken. Ta tambaye shi yaushe takardar ta zo, sai ya ji bakinsa ya ce shekaranjiya. Ƙarya ta fito masa a sauƙaƙe, kamar tari. Merle ta dube shi. Ta juya musu baya ta kama bakin murhu.

Tegan ba ta yi kuka ba. Ta shiga ƙirga abin da ta taɓa, a hankali, kamar mai neman makullin da ya ɓata. Fatun da ta feɗe, shida. Mabiyiyar da ta kwashe da hannu ta zuba a bokiti. Marayun da ta shigo da su nan ɗakin girki a jiƙe, ta kwantar gaban murhu. Wanda ta hura wa. Ta ce ta ƙi shan kofi sati shida, ta ƙi cuku, ko wankan ruwan zafi ba ta yi, tana karanta bayan kowane gwangwani kamar jarrabawa. Ta ce ungozoma ta gaya mata ta nisanci rumfar, ita ce ta ga ta fi ungozoma sani.

Des ya ce da ta faɗa masa tana da ciki, ko ƙofar gonar ba zai bari ta shigo ba. Ya ce wannan al'ada ta ɓoye ciki sati goma sha biyu, ga irin abin da take jawowa.

Bai kamata ya faɗi haka ba. Ya sani tun kalmar tana bakinsa.

"Mace mai shekara talatin da shida ta kira ka tana tambayar allurar Kiyu," in ji Tegan. "Kai da ka san abin da cutar ke yi wa tumaki masu ciki. Bai zo maka a rai ba?"

Ya gyara zaman hannunsa a kan takardar.

"Bai zo ba, ko? Ka riga ka gama da ni."

Ya ce ba haka ba ne.

"Haka ne. Na san yadda kake yi. A duba tunkiya bana ba ciki, baɗi ba ciki, ka shafa mata jan fenti a baya, ka ware ta cikin juya. Ka shafa min fenti tuntuni, Baba. Ban dai gani ba ne, don a baya yake."

Gaskiya ta faɗa, Des ya sani. Bayan ɓari na biyu ya daina tambaya. Ya ɗauka kirki ne, yana raga mata. Ya kai gadon jaririn da Noeline ta adana saman rumfa, ya ɗora masa buhuna. Ya je wurin lauya ya yi maganar wanda zai sayi gonar in ya mutu, tun da babu mai gado a bayan Tegan. A kansa maganar ta rufu, kamar yadda yake rufe ta kowace shekara a bakin ƙofar tantance tumaki. Da ya karanta layin biron nan, ya lissafa matan da za su iya shigowa gonar da ciki. Matar maƙwabci ta zo masa a rai. Yarinyar da ke kawo wasiƙu ta zo masa a rai. 'Yarsa ba ta zo ba.

Merle ta ce a bar wannan, a kira ungozoma yanzu, Lahadi ko ba Lahadi ba.

Tegan ta kira, ta ajiye wayar a tsakiyar teburi yadda kowa zai ji. Matar da ta ɗauka muryarta a kwance take, irin ta wanda ya saba jin tashin hankali kafin abincin rana. Tegan ta yi mata bayani a taƙaice, ba ta sa sunan kowa ba. Ta ce an ɗauka tana da rigakafi, ashe babu.

Ungozoma ta ce da farko, kada ta ƙara taka rumfar, kayan da ta yi aiki da su kuma wani ya wanke, ba ita ba. Rigakafi ba a yi wa mai ciki, wannan ya wuce. Za a ɗebi jini yau, a sake bayan sati biyu ko uku, don na farko yakan fito ba komai alhali cutar na nan. Akwai maganin da ake ba masu ciki, likita ne zai yanke. Ta ce mata da yawa sun haihu lafiya bayan irin wannan. Tegan ta tambaye ta sauran fa. Matar ta ce ba za ta yi mata ƙarya ba, cutar tana iya taɓa mahaifa, shi ya sa ba a jira.

Sannan ta ce tana buƙatar sanin ainihin abin da aka samu a garken da ranar da aka tabbatar, don likita zai tambaya. Ko mai gonar yana kusa?

"Yana nan," in ji Tegan.

"Malam Kittel, karanta min takardar daga sama. Har da kwanan wata."

Des ya dubi Merle. Merle tana duban bango.

Ya buɗe ninki na farko, na biyu. Ya danne takardar a kan teburi. Ya karanta sunansa. Ya karanta sunan gonar da lambar hanya, a hankali, kamar akwai wanda bai san su ba. Ya kai layin da ke ƙasa.

"Uku ga Agusta."

Ungozoma ta maimaita tana rubutawa. Ta tambayi ranar da Tegan ta iso.

"Bakwai," in ji Tegan. Idonta na kan ubanta. "Na kira shi ranar biyar."

Ungozoma ta ci gaba.

"To, Tegan, tambaya ɗaya ta rage. Zazzaɓi, ciwon kai mai tsanani, gumi, rawar sanyi. Kin ji ko ɗaya?"

Tegan ta ɗora tafin hannunta a kan teburi. Sai a lokacin Des ya lura da leɓɓanta, sun bushe sun tsage.

"Tun Juma'a," ta ce. "Na ɗauka laulayi ne."

Muryar ungozoma ta canja. Ta ce ta taho asibiti yanzu, kada ta tsaya haɗa kaya, kada kuma ta tuƙa da kanta. Akwai wanda zai kawo ta?

Des ya riga ya miƙe, ya zaro makullin akori-kura daga aljihu.

"Ajiye," in ji Tegan. "Gwaggo, ɗauko jakarki, ke za ki kai ni."